Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Suga da Raunin Tiyatar Basir

Wani mai sauraro daga Gusau ya aiko yana cewa an yi wa yayansa mai ciwon suga tiyatar basir, amma har yanzu wurin bai kame ba. Yana son sanin dalili.

To, ko ga mai cikakkiyar lafiya, wannan rauni yakan ɗauki makonni 4 zuwa 6. A salon aikin Milligan da Morgan, wanda aka fara a asibitin St Mark's na Landan a 1937, da gangan ake barin raunin a buɗe ya cike daga ciki. Ga shi kuma bayan gida na bi ta wurin kullum.

Suga sai ya ƙara dagula lamarin. Idan ya yi yawa a jini, yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai abinci ga naman da ke tsirowa, ya kuma raunana fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Shi ya sa likita zai fara da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kusan watanni 3.

A gida, mara lafiyar ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi bayan ya zaga, ya yawaita ruwa, zogale da kuɓewa don kada ya yi yunƙuri, ya bar taba. Garin maganin basir na kasuwa kuwa, don Allah kada ya taɓa raunin da shi.

Zazzaɓi, mugunya mai wari, kumburin da ke yaɗuwa zuwa maraina ko riƙewar fitsari, duk wanda ya bayyana a cikinsu, a kai mara lafiyar asibiti a ranar.