Kada Ka Kwana da Damuwar Jiya

Da yawanmu a Minna muna da wata 'yar ɗabi'a. Mutum ya rufe shagonsa a Kasuwar Kure, sai ya kai Tunga ya fara tambayar kansa ko ya datse kwaɗon. Wata kuma baƙar maganar da aka yaɓa mata a gidan biki tun shekarun baya take ta juyawa a ranta duk dare. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada a raina wannan. Tunani yana hana barci, rashin barci kuma yana iya ta da hawan jini.

Idan ka datse kwaɗo, ja shi sau ɗaya, ka ce da bakinka "na rufe", ka tafi. Bayan sallar Isha'i, rubuta abin da ke damunka a takarda. Wanda kake da ikon gyarawa, sa masa ranar yi. Wanda ya fi ƙarfinka, bar wa Allah. Idan wani ne ya ɓata maka rai, ka same shi ku yi magana, ko ka yafe.

Da la'asar sakaliya, idan zafin rana ya lafa, taka da ƙafa cikin unguwa, ka gaisa da mutane. Idan rashin barcin ya wuce mako 2, je Babban Asibitin Minna a auna jininka, ka gaya wa likita komai ba tare da kunya ba.

Ka fara daga daren yau.