Yadda za ka tashi daga Tirwun ta Bauchi ka yi gudun fanfalakin Istanbul

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, ko a Legas aka yi shi ko a Landan. Duk wanda ya tambaye ni wanne zai fara da shi a ƙasar waje, Istanbul nake ce masa. Tun 1979 ake yin sa, kuma yanzu a farkon watan Nuwamba ake yi. Ana tashi daga ɓangaren Asiya, a haye gadar Bosforus wadda ba a barin mai tafiya a ƙasa ya taka ta sai a ranar, a ƙare a Turai, a dandalin Sultanahmet, tsakanin babban masallacin Sultan Ahmet da Aya Sofiya. Ga abincin halal ko'ina, wurin salla kuma ba sai ka sha wahalar nema ba.

Fara da takardu, tun kafin ka sayi takalmi. Duba fasfonka, ya kasance da sauran wata shida aƙalla bayan ranar tafiya. Yi rajista a shafin gasar da wuri, domin kuɗin yakan ƙaru idan lokaci ya matso. In katin banki na naira ya ƙi biya a waje, sai ka nemi ɗan'uwa mai asusun dala ya biya ka ba shi naira. Takardar shaidar rajistar nan ka buga ta, ka haɗa da bayanan asusunka na banki da shaidar masauki da ta aikinka, ka nemi bizar Turkiyya a Abuja wata biyu ko uku kafin tafiya. Kada ka miƙa fasfonka ga wani dillali da ya ce yana da hanya. Ka tafi da katin rigakafin shawara. Jirgin Turkish Airlines yana tashi daga Abuja kai tsaye, kuma tikitin shi ne zai fi cin aljihunka, kuɗin rajista ba komai ba ne a kansa.

Sai horo. Idan ba ka iya gudun kilomita goma ba tare da tsayawa ba, bar maganar bana, ka shirya wa baɗi. Idan kana iyawa, ware mako 16 zuwa 18, wato daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba. Kwana huɗu a mako ya isa: uku gajeru, ɗaya dogo. Gajerun ka yi su a unguwa, ko ka shiga gari filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa idan kana son auna saurinka.

Dogon gudun nan shi ne aikin gaba ɗaya, kuma a nan ne ake ba mutane shawarar banza. Ka fara da kilomita 12 ko 14, kana ƙara biyu kowane mako, kowane mako na huɗu ka rage don jiki ya huta, har ka kai 30 ko 32 saura mako uku a yi gasa. Daga nan sai ragewa. Ba a yin 42 a wurin horo. Saurin kuwa, ya zama wanda za ka iya yin hira da abokin gudunka ba tare da haki ya yanke maka magana ba. Samarinmu sun saba da atisayen ƙwallo, kowa yana son ya wuce na gabansa, shi ya sa a mako na shida sai ka ji gwiwa ta kumbura.

Ka fita da an sallame Asuba. A Agusta damina za ta rufa maka asiri, amma a Oktoba zafi yakan dawo Bauchi, ƙarfe takwas ta yi rana ta fara duka. Idan titin Maiduguri za ka bi, ka riƙa gudu kana fuskantar motoci, da riga mai haske, saboda tirela ba ta san da kai ba. Ruwa kuma ka tsara shi tun daren jiya. Ko ka sami ƙaninka ya bi ka a keke da ruwan leda, ko ka zaɓi zagaye na kilomita biyar da zai riƙa dawo da kai ƙofar gida, ka ajiye gora a zaure. Kurɓi biyu ko uku duk minti ashirin, kuma a doguwar rana ka zuba ƙunshin gishiri da sukari na kemis a gora ɗaya. Masu cewa juriya ita ce a yi gudu ba ruwa, da masu sa rigar leda don zufa ta zubo, ƙodarsu suke kashewa. Haka masu haɗiyar ƙwayar kashe ciwo kafin su fita, musamman ibuprofen. Ciwo saƙo ne daga jiki, ka saurare shi. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, wanda da wuya damina ta wuce bai taɓa ka ba, ka sha magani ka kwanta, kada ka yi gudu da zazzaɓi ko da kwana goma za ka rasa.

Abin da za ka ci a kan hanya ma horo yake so. Bayan kamar awa biyu ana gudu, abincin da jiki ya adana yakan fara ƙarewa, shi ne dalilin da ya sa mutane ke sandarewa a wajen kilomita 30. Turawa suna shan wani zaƙi mai kauri a 'yar leda. Ni dabino na fi so: a cire ƙwallon, a ƙulla a leda, ƙwaya biyu duk minti arba'in. Duk wanda ka zaɓa, ka gwada shi a Tirwun, cikinka ya saba.

Takalmi: ni Asics nake sawa, amma kowanne ya zauna maka daidai ne. Ya fi ƙafarka da faɗin ɗan yatsa, domin ƙafa tana kumbura. Na gwanjo ba laifi idan ka duba shi da kyau. Juya shi ka ga ƙasan, ka danna soson tsakiya da babban yatsa. In ya yi tauri ko ya yi tamoji, ya gama aiki. Ka yi dogon gudu biyu ko uku da shi kafin tafiya, kuma ka sa shi a jakar hannu a jirgi. Vaseline a cinyoyi da hammata da kan nono, in ba haka ba riga za ta goge ka har jini.

Ka isa Istanbul ranar Alhamis ko Juma'a, gasar ranar Lahadi ce. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Karɓi lambar ƙirjinka a wurin da suka sanar, da fasfo a hannu. Ranar Asabar kada ka biye wa kasuwar Kapalicarshi, yawo zai cinye maka ƙafa. Ci shinkafa da burodi, abin da ka sani. Ka kama masauki kusa da Sultanahmet ko Taksim, inda motocin gasa ke kwasar mutane da sassafe.

Sanyin Nuwamba a can ya fi hunturunmu ratsa jiki, ga iskar teku, wani lokaci da yayyafi, kuma za ka daɗe a tsaye kafin a tashi wajen ƙarfe tara. Tafi da tsohuwar rigar sanyi da za ka iya yarwa, da safar hannu.

Ga inda mutumin Bauchi ke faɗuwa. Jikin da ya saba da zafi, in ya shiga sanyi sai ya ji shi sakayau. Ga jama'a, ga kiɗa, ga teku a ƙarƙashin gada, sannan da ka sauka akwai doguwar gangara zuwa Beshiktash. Ƙafa za ta ce ka sake ta. Kada ka yarda. Kilomita goma na farko ka yi su ƙasa da saurin da ka saba, ka bar kowa ya wuce ka, ka more kallon fadar Dolmabahce da gadar Galata da masu kamun kifi a kanta. Bayan nan hanya takan miƙe a bakin tekun Marmara, a je a juyo, 'yan kallo sun ragu, iska tana bugun ƙirji. A nan za ka riƙa tarar da waɗanda suka wuce ka da safe suna tafiya suna dafe da cinya. Ka sha ruwa a kowane tebur ko ba ka jin ƙishi, kaɗan kaɗan. Ka kuma rage ƙarfi don kilomita na ƙarshe, domin hawa ne ta cikin lambun Gulhane har zuwa dandali.

Ko awa biyar ka yi, za ka sami Azahar kafin La'asar ta shiga, sai dai ka sa dogon wando da busasshiyar riga a jakar da za ka ba su ajiya. Kada ka zauna nan take, yi tattaki na minti goma. Tikitin dawowa kuma ka yanke shi na Talata, domin ranar Litinin ko matakalar otal da ƙyar za ka sauka.