Sayarwa Da Kaka Ko Ajiya: Lissafin Da Ya Kamata Manomi Ya Yi

Ya kai manomi, ribar noma ba a gona kaɗai take ba, domin ranar da ka kai amfaninka kasuwa ita ma tana da nata rabo a ciki. Da kaka kowa yana fitar da hatsi, 'yan kasuwa su saya da araha. Idan damina ta kankama, rumbuna suka yi ƙasa, farashi yakan tashi. Wanda ya sayar da komai a watan Nuwamba don biki ko sabon babur, shi za ka tarar a watan Yuli yana awo da tsada.

Kafin maganar sayarwa, sai ka ware abin da ba na kasuwa ba. Idan kai Musulmi ne kuma amfanin ya kai nisabi, zakkar noman damina ɗaya ce cikin goma, ta noman ban-ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin. Sa'an nan ka auna abincin iyali har zuwa wata kakar, ka keɓe iri. Abin da uwargida ko ɗanka ya noma a gayaunarsa nasa ne, kada a cakuɗa shi da na gandu, don nan ne rigimar gida takan faro.

Abin da ya rage shi ne jarinka, kuma ajiye shi ba kyauta ba ne. A ɗauka buhun wake naira 60,000 ne da kaka, kuɗin buhun ajiya da dako kuma naira 3,000. Idan ana binka bashi mai ruwa kashi 4 cikin ɗari a kowane wata, riƙe buhun nan wata shida zai jawo maka ruwan naira 14,400. Ke nan sai farashi ya haura naira 77,400 kafin ka ga riba ko ta kwabo. Mai irin wannan bashi gara ya sayar da abin da zai biya shi tun da wuri, ya ajiye saura.

Ajiyar kuma sai an tsare ta daga ƙwaro. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a shekarar 2007, yana toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Sharaɗinsa shi ne wake ya bushe sarai, a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora buhun kan katako inda ɓera ba zai huda shi ba.

Kada kuma ka ɗauka farashi yana tashi kowace shekara. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, a shekarar 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Saboda haka ka riƙa sayarwa kashi-kashi, kada ka jingina komai ga wata guda.

Malaman gona su taimaka wa ƙungiyoyin manoma su riƙa rubuta farashin kowace ranar kasuwa a littafi. Bayan shekara biyu ko uku, littafin zai nuna watannin da farashi ya saba tashi a yankinku.