Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Gina Gida a Bakin Babban Titi

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, tireloli da tankoki sun ƙaru a hanyoyin Kaduna, Funtua da Tegina. Mutanen Randagi da Kakangi masu neman fuloti a gari kuwa, yawanci idonsu na kan bakin titi, saboda can ciniki yake. To, amma gidan da ƙarar motoci ke hana barci a cikinsa bai cika gida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 cewa kada ƙarar motoci ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 45 da dare, domin yawan katsewar barci na taimaka wa hawan jini da ciwon zuciya. Maganin ƙarar nan ya fi araha kafin a haƙa fandisho.

Fara da zaɓen fili. Kada ka je duba shi da rana kawai, ka koma da asuba lokacin da manyan motoci ke ɗaukar hanya. Ka guji gefen hawa, kwana, tasha, gidan mai da tudun rage gudu, don nan ne direba ke taka birki, ya canja giya, ya danna hon. Ka kuma ja baya. A hanyar gwamnatin tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare haƙƙin hanya ne, wanda ya yi gini a ciki yana iya wayar gari da jan fenti a bangonsa. Ka tabbatar da iyakarka a hukumar filaye ta KADGIS, ka nemi izinin gini a hukumar tsara birane ta KASUPDA. Duk lokacin da ka ninka nisanka da titi, ƙara na raguwa da kimanin desibel 3.

Sai katanga. Ka tsaya inda tagar ɗakin kwananka za ta kasance, ka dubi titi. Muddin kana hango bututun hayaƙin tirela ta saman katanga, ƙararta za ta same ka. Katangar da ta tare ganin motar gaba ɗaya kan rage kusan desibel 5, kuma kowace mita da aka ƙara a tsawo na ƙara ragi kaɗan. Nauyi ne ke tare sauti, shi ya sa katangar jar ƙasa mai kauri, ko bulo inci tara da aka cike ramukansa aka yi masa filasta, ta fi shingen kwano nesa ba kusa ba. Ka hana magini yi mata ado da bulo mai ɓuli-ɓuli. Ƙofar gida ma, in da hali, ta fuskanci lungu, domin 'yar tazarar da ke ƙarƙashin get ta isa ta ɓata aikin katanga.

A tsarin ɗakuna, babu abin da ya kai na kakanninmu. Zaure a gaba, sannan shigifa, sannan tsakar gida, ɗakunan kwana can ciki. Ka bi wannan: shaguna, sito, kicin da banɗaki su kasance ta ɓangaren titi, ɗakunan kwana su buɗe ta tsakar gida. Tagar luba ba ta rufuwa ruf, don haka a ɓangaren titi ka sa ƙaramar taga mai roba a bakinta, iskar shaƙa ta shigo ta baya. Kada ka bar rufin kwano ba silin.

Game da bishiyoyi, a shuka darbejiya da mangwaro don inuwa da tare ƙura, amma layi ɗaya ba ya hana ƙara. Sai kurmi mai duhu da faɗinsa ya kai mita 30 kafin kunne ya ji bambanci.

Ga masu yanka filaye kuma, ku ware layin farko don shaguna haɗe da juna, gidaje su biyo baya. Ƙasar da aka haƙo daga magudanai a tara ta ta zama ganuwa a gefen titi, a shuka mata ciyawa don kada ruwa ya zaizaye ta. Idan maƙwabta suka daidaita tsawon katangunsu ba tare da giɓi ba, kowa zai amfana da kuɗin da ɗan'uwansa ya kashe.