Yadda Za Ka Gane Ko Fayil ɗin Waƙa Ne Ke Ƙuntata Fagen Sauti a Falonka

Wani abokina ya sayi lasifikoki biyu da amfilifaya, kuɗi ba kaɗan ba, ya kira ni in zo in ji. Ƙara kam akwai, har gilashin taga na karkarwa. Sai dai mawaƙi da 'yan amshi da mai kalangu duk sun cunkushe wuri guda, kamar an zuba su a Adaidaita Sahu ɗaya. Shi a ganinsa wayoyin haɗi ne ba su da kyau, har ya fara tambayar farashin masu tsada. Na ce, "Malam, dakata tukuna, mu ga abin da kake ciyar da na'urar." Waƙoƙinsa duk daga memorin da aka loda masa a kasuwa suke, lasifikokin kuwa suna kafaɗa da kafaɗa a kan teburin talabijin.

Abin da ya rasa shi ne fagen sauti, wato ka rufe ido ka ji mawaƙi a tsakiya, wani kiɗa a hagu, wani a dama, 'yan amshi can baya kaɗan, alhali lasifika biyu ce kawai a gabanka. Ƙwaƙwalwa ce ke gina wannan fage. Sautin da ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma yakan fi ƙarfi a can. Da wannan ɗan bambanci muke gane inda abu yake. Injiniya Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya shigar da rajistar dabarar sitiriyo a 1931, faifan garmaho mai sitiriyo kuma ya bazu a kasuwa daga 1958. Duk abin da ya taɓa wannan ɗan bambanci na hagu da dama, ya taɓa fagen. Nau'in fayil na iya taɓa shi, amma kafin ka ɗora masa laifi sai ka wanke sauran waɗanda ake zargi.

Mataki na 1: Tabbatar da cewa sitiriyo kake ji

Kada ka raina wannan. A wayoyin Android da iPhone akwai maɓallin da ke haɗe hagu da dama su zama mono, an tanade shi ne don masu ji da kunne ɗaya, yana cikin saitin sauƙaƙa amfani ga masu lalura. Yaro na iya kunna shi yana wasa, ka shekara ba ka sani ba. Ƙananan lasifikokin Bluetooth na hannu ma da yawansu mono ne. Nemi gwajin hagu da dama a YouTube ka kunna: idan aka ce hagu, lasifikar hagu kaɗai ya kamata ta yi magana.

Sannan ka leƙa bayan amfilifaya. Jar waya ta shiga jan rami, baƙa ta shiga baƙi, a ɓangarorin biyu. In aka juya ta ɗaya, fatar lasifika guda na turawa yayin da ɗayar ke ja. Alamarsa ita ce muryar mawaƙi ta rasa mazauni, ka ji ta tana yawo a gefen kai, ƙarfin ganga kuma ya zube.

Mataki na 2: Jera lasifikoki kafin ka yanke wa kowane fayil hukunci

Kai da lasifikokin biyu ku zama kusurwa uku daidai wa daida. In tsakaninsu mita biyu ne, tsakaninka da kowacce ma mita biyu. Ƙaramar lasifikar sama, mai fitar da siririn sauti, ta yi daidai da tsayin kunnenka a zaune. Karkato su kaɗan su dube ka, ka kuma janye su daga bango da lungu ko da taku ɗaya ne.

Falon tayil mai bangon siminti yana mayar da amo, amon nan kuwa yana rikita bambancin lokacin da kunne ke dogaro da shi. Ga dabara: zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Inda ka hango lasifika a madubin, nan ne sauti ke dukan bango ya dawo maka. Sa labule mai kauri ko kantar littattafai a wurin, ka shimfiɗa darduma tsakaninka da lasifikokin. Akwatin buga ganga kuwa, wanda ake kira wufa, ba sai ya zauna a tsakiya ba, domin kunne ba ya cika gane inda sauti mai zurfi sosai ke fitowa.

Mataki na 3: San irin fayil ɗin da ke hannunka

Nan ne zancen yake. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, hagu daban, dama daban, ba a zubar da komai ba. Fayil ɗin WAV da aka kwafo daga CD haka yake, minti ɗaya ya kai kusan megabait 10. FLAC, da ya fito a 2001, da ALAC na Apple suna matse wannan ya koma kusan rabi ko fiye kaɗan, amma in aka buɗe sai ya dawo cif yadda yake, kamar tufar da aka ninke aka sa a jaka. Fagen sautinsu ɗaya ne da na CD, ba ragi ba ƙari.

MP3 kuwa, wanda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka ja ragamar ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, da AAC da ya biyo baya a 1997, yanka suke yi. Suna zubar da abin da suka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, kuma abin da aka zubar ya tafi ke nan. A kilobit 128, an rage bayanan CD sau goma sha ɗaya. Don a cim ma haka, ana yawan ajiye waƙar a sabon tsari: abin da hagu da dama suka yi tarayya a kai gefe guda, abin da suka bambanta a kai gefe guda. Wannan tsari shi kansa ba aibu ba ne, FLAC ma na amfani da shi. Matsalar tana zuwa ne idan wuri ya yi ƙaranci, sai a fifita tsakiya, inda murya da ganga suke, a tauye wa gefe haƙƙinsa. A gefen nan kuwa amon ɗakin da aka yi rikodin yake, tare da wutsiyar sautin da ke ɓacewa a hankali, abubuwan da ke sa ka ji fage na da zurfi. Shi ya sa fayil da aka matse ainun ba kasafai yake rasa hagu da dama ba, gaba da baya ne ke fara shafewa, kowa ya dawo sahu ɗaya.

Idan aka gangara ƙasa sosai, irin kilobit 24 zuwa 48 da wasu manhajoji ke amfani da shi don tsimin data, akwai salon AAC da ke tura waƙar a mono tare da ɗan bayanin inda kowane sauti ya kamata ya tsaya, na'urarka ta ƙago sitiriyon da kanta. Dabara ce mai ban sha'awa, tana kuma wucewa a iyafis cikin hayaniyar mota. A falo mai shiru asirinta tonuwa yake yi.

Ga lissafin gane fayil ba tare da wata manhaja ba. Waƙar minti 4 a kilobit 128 ba ta cika megabait 4 ba, a 320 ta kusa 10, a FLAC takan haura 20, a WAV ta zarce 40. In ka ga waƙar minti 4 tana megabait 2, ka san an matse ta har ta ji jiki. Sai dai girma kaɗai ba shaida ba ne. Wanda ya sauko da waƙa daga YouTube ya mayar da ita MP3 mai 320 bai dawo da komai ba, ya zuba mudu ɗaya ne a babban buhu, ya kuma ƙara yanka na biyu a kan na farko. Manhajar Spek ta kyauta na nuna hoton sauti: in ka ga an yanke saman hoton ƙat a wajen kilohaz 16, akwai alamar asalin fayil ɗin 128 ne, ko me aka rubuta a jikinsa.

Mataki na 4: Saurari gefen shi kaɗai

Wannan ne ya fi burge ni. Sauko da Audacity, kyauta ce, ka buɗe waƙar a kwamfuta. Zaɓi "Split Stereo to Mono", waƙar ta rabu layi biyu. Taɓa layi ɗaya ka yi masa "Invert", sannan ka kunna. Duk abin da ke tsakiya zai soke kansa, ya bar maka bambancin hagu da dama tsurarsa.

Mun gwada da fayilolin abokina. Na farko muka ji tsit, ko motsi babu: ashe mono ne, an zuba abu ɗaya a layi biyu. Na biyu, mai kilobit 96, muryar mawaƙi ta ɓace, sai wani sauti mai ɓulɓul kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa, kacau-kacau na tsinkewa yana dawowa. Da muka sa wata waƙa da aka kwafo kai tsaye daga CD, sai ga 'yan amshi da amon ɗaki garau. Sai dai a yi adalci: gwajin nan na tsiraita aibun da tsakiya ke rufewa a sauraron yau da kullum. Yana nuna maka inda aka yanka ne, ba ya nufin kunnenka zai kama shi kowane lokaci.

Mataki na 5: Gwada kunnenka ba tare da ka san wanne ne wanne ba

Ɗauki waƙa ɗaya da ka haddace, daga tushe mai kyau, ka fitar da ita a 96, a 128, a 256, ka bar ta asali. Lallai daga tushe ɗaya, domin waƙa guda na iya samun gyaran situdiyo iri biyu, bambancin gyara kuwa ya fi na fayil girma nesa ba kusa ba. Ƙarfin sauti ya zama ɗaya, don kunne na da son zuciya, duk wadda ta ɗan fi ƙara ita zai ce ta fi daɗi. Ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa kunna daƙiƙa 20 na wuri ɗaya yana sauyawa ba tare da ya faɗa maka ba, sau goma. Kasa kunne ga abu uku: shin murya na tsaye wuri guda, ina iyakar fagen hagu da dama, kuma yaushe amon bugun ƙarshe yake mutuwa.

Ni dai 96 ba ta ɓoye mini. 128 sai waƙa mai kayan kiɗa da yawa. Daga 256 zuwa sama canki-canka nake yi, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Fayilolin nan masu bit 24 da ake tallatawa da tsada ma ban taɓa jin sun faɗaɗa fage da ko taku ɗaya a kan CD ba.

Mataki na 6: Bi hanyar da waƙa ke bi zuwa lasifika

Bluetooth na sake matse duk abin da aka ba shi. Tsarinsa na gama-gari, SBC, yakan tsaya wajen kilobit 328, LDAC na Sony kuma ya kai 990 in duka na'urorin biyu na goyon bayansa. Fayil mai kyau kan jure wannan, amma wanda ya riga ya sha yanka ƙara rauni yake yi. A gida, inda ba yawo kake ba, sa wayar haɗi. A Spotify da ire-irensa ka shiga saiti ka ɗaga inganci da hannunka, ka kashe tsimin data, musamman in kana kan Wi-Fi. In za ka tura wa wani waƙa ta WhatsApp, tura ta a matsayin takarda don ta isa yadda take. Wanda ya kara waya a bakin lasifika ya naɗa da saƙon murya, mono ya aika.

Mataki na 7: Ka bar mono a mononsa

Da yawa daga tsofaffin rikodin da ke yawo na su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos daga kaset da faifan rediyo aka kwafo su, kuma a mono aka ɗauke su tun asali. Mayar da su FLAC zai hana ƙarin lalacewa, amma ba zai raba kuntigi da murya ba. Maɓallin nan na amfilifaya da ke cewa zai kewaye ka da sauti ma kashe shi, jinkiri da amon ƙarya yake ƙarawa, muryar ta koma kamar daga rijiya. Mono mai kyau, in ka jera lasifikoki daidai, za ka ji shi tsaye cak a tsakiyarsu, kamar akwai lasifika ta uku a wurin. Da irin wannan rikodin ma nake auna ko jerin ya yi: in muryar ta karkata hagu, sai in matsar da lasifikar dama gaba da ɗan yatsa biyu in sake saurare.