LADUBBAN ZAMAN TARE TSAKANIN MASU LAMBU

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na wannan karo a kan masu lambu ne, da yadda ya kamata su zauna da junansu. Ka sani, Allah Ya yi mana rahama da ni da kai, mai gonar damina ruwansa daga sama yake sauko masa, ba ya jiran izinin kowa. Mai lambu kuwa, ruwansa ta ƙofar maƙwabcinsa yake biyowa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake gangarowa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, dubban mutane suna shan hanya ɗaya, wani a sama wani a ƙasa. Haka nan a kowace fadama: rafi ɗaya ne, injuna da yawa. Saboda haka duk abin da mai lambu ya yi a cikin kwaminsa, sai ya isa ga na kusa da shi, alheri ne ko sharri. Kada ka ce wannan maganar noma ce, me ya kawo ta littafin wa'azi? Haƙƙin bayin Allah ne, kuma shi ne haƙƙin da istigfari kaɗai ba ya kankare shi sai mai shi ya yafe.

LADABI NA FARKO: KA SHA RABONKA, KA SAKI RUWA

Rigimar ruwa ba a kanmu aka fara ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutumin Madina ya yi jayayya da Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya yarda da shi, a kan wata ƙorama da suke shayar da dabino da ita. Gonar Zubairu ce a sama. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umurci Zubairu ya shayar sannan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. Sai mutumin ya fusata, ya yi zargin an yi son kai, don Zubairu ɗan gwaggon Annabi ne, wato Safiyya. Fuskar Manzon Allah ta canza, sai ya umurci Zubairu ya riƙe ruwan har ya kai ga kunyar da ke tare shi, sannan ya saki. Malamai suka ƙaddara wannan da kaiwa idon sawu. Zubairu ya kasance yana ganin a kan wannan al'amari ne aya ta 65 a Suratun Nisa'i ta sauka.

To, duba abin da ke cikin wannan. Hukuncin farko sulhu ne da rangwame: an nemi na sama ya bar wani abu daga haƙƙinsa saboda maƙwabtaka. Da na ƙasa ya yi rashin ladabi sai aka mayar da kowa kan haƙƙinsa cif. Ashe ke nan, na sama yana da haƙƙin fara sha, amma haƙƙin nan yana da iyaka da ma'auni. Na ƙasa kuma yana da haƙƙin a sakar masa, amma bakinsa yana iya jawo masa asarar alfarmar da aka so yi masa.

Yanzu ka dubi halinmu. Idan zafi ya shigo, wajen watan Maris da Afrilu, ruwa ya ja baya, sai ka ga mutum ya fito tsakar dare da buhun ƙasa ya toshe magudana, ya karkatar da ruwan gaba ɗaya cikin lambunsa, alhali ranar ta wani ce. Da asuba kuma yana sahun gaba. Shi na ƙasa ya wayi gari tumatirinsa yana cikin fure, ƙasa ta bushe. Duk wanda ya san tumatir ya san idan ya yi ƙishi a lokacin fure, furen zubewa yake yi. Idan kuma aka bar shi ya bushe sannan aka kwarara masa ruwa, 'ya'yan su tsattsage ko gindinsu ya yi baƙi. Wannan mutum bashi ya ci ya sayi iri da taki. Wa zai biya masa? Abin mamaki, shi ma mai toshewar ba riba ya ci ba: ruwan da ya kwanta ya wuce kima yana ruɓar da saiwa, yana wanke taki, yau da gobe kuma kanwa ta taso a bayan ƙasa, wurin ya mutu.

Idan jama'a sun yi yarjejeniya cewa yau na wane, gobe na wane, to wannan alkawari ne, cika shi wajibi ne, ko da kai ne na sama.

LADABI NA BIYU: HANYAR RUWA

Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Halifa ya so ya ja hanyar ruwa ta cikin ƙasar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Da maganar ta kai ga Sayyidina Umar, sai ya nuna wa mai ƙasar cewa abin zai amfane shi shi ma, kuma ba zai cuce shi da kome ba. Da ya dage a kan ƙi, Umar ya yi umurni aka wuce da ruwan. Malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta irin wannan a kowane hali, amma ba su yi saɓani ba cewa hana ɗan'uwanka abin da ba ya rage ka da kome mugun hali ne. Idan maƙwabci ya roƙi ya shimfiɗa tiyo ta gefen lambunka, ka bar shi. Kai kuma mai tiyo, kada ka taka masa dashe, kada ka bar tiyonka yana yoyo a kan albasarsa.

Haka nan yashe magudana. Ciyawa da laka suna cike ta kowace shekara. Ranar da aka kira gayya, na sama sukan noƙe, don su ruwa yana isa gare su ko an yashe ko ba a yashe ba. Sai a bar wa na ƙarshen layi wahalar. Wannan ba adalci ba ne. Wanda ya sha, ya yi aiki. Wanda ba zai iya ba, ya aiko ɗansa ko ya biya a yi masa.

LADABI NA UKU: IYAKA

Akwai masu cin iyaka da fartanya. Bana ya shafci taƙi ɗaya daga kunyar tsakani, baɗi ya ƙara, bayan shekara biyar hanyar da jaki yake bi da mangala ta zama ko mutum sai ya karkace. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Manzon Allah ya la'anci mai sauya alamomin iyakar ƙasa. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi guda na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai. Ɗan'uwa, kwandon tumatir nawa taƙi ɗaya zai ba ka? Haka kuma kada ka dasa mangwaro ko darbejiya dab da iyaka, inuwar ta rufe kwamin maƙwabci, saiwar ta shanye masa taki.

LADABI NA HUƊU: FESHI DA ƘWARI

Wannan babi kakanninmu masu jigo ba su san shi ba, amma ƙa'idarsa tana nan a shari'a: an hana cutarwa, an hana rama cuta da cuta. Ga abubuwan kiyayewa:

Kada ka yi feshin maganin ciyawa iska tana kaɗawa wajen maƙwabci. Tumatir ba ya jure irin maganin da ake kashe ciyawa mai faɗin ganye da shi a gonar shinkafa. Ɗan kaɗan ya isa ya murɗe masa ganye. Ka jira safiya ko yamma da iska ta kwanta.

Idan ka ari injin feshi, ka tambayi abin da aka zuba a ciki na ƙarshe. Idan za ka mayar, ka wanke shi, ka faɗi abin da ka zuba. Mai ba da aro ma ya faɗa.

Kada ka wanke injin feshi ko ka jefa kwalbar magani a magudana. A ƙasa da kai akwai mai alwala, da yaro mai wanka, da saniya mai sha.

Kowane magani an rubuta a jikinsa kwana nawa za a jira kafin a ɗebi amfani. Wanda ya fesa yau ya kai latas ko kabeji kasuwa gobe, ya sani ɗanye za a ci shi.

Sai maganar ƙwari. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta yaɗu. Macen tana iya yin ƙwai sama da 200, kuma cikin kamar wata guda sabon zubi ya taso. Saboda haka wanda lambunsa ya kamu, ya fid da rai ya tafi ya bar shi haka nan, ya buɗe wa ƙwarin gidan reno ne a tsakiyar jama'a. Ladabi shi ne ka tuge, ka ƙone ko ka binne. Kuma ranar da ka fara ganin alama a ganye, ka sanar da maƙwabta. Mai ɓoyewa don kada a ce lambunsa ya lalace, girman kansa ya saya da dukiyar mutane.

LADABI NA BIYAR: DABBOBI

Taguwar Bara'u ɗan Azib ta taɓa shiga lambun wani ta yi ɓarna. Manzon Allah ya hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuwa tana kan masu dabbobin. Wannan ma yana cikin Muwaɗɗa. To, ka gyara darninka, shi kuma ya ɗaure akuyarsa. Idan ta yi maka ɓarna, ka kai ƙara a ƙimanta a biya ka. Sa mata guba ko karya mata ƙafa zalunci ne sabo, kuma ita ba ta san iyaka ba.

LADABI NA SHIDA: HARSHE DA SHAWARA

A inuwar da masu lambu suke hutawa, kowa malami ne. Wani ya zo da ganye a hannu yana tambaya, kafin ya rufe baki mutum biyar sun ba shi magani biyar. Ɗan'uwa, idan ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ka nuna masa malamin gona ko dattijon da ya daɗe a sana'ar. Idan ka gwada abu sau ɗaya ne, ka ce sau ɗaya na gwada, a ƙasa iri kaza, a lokaci kaza. Abin da ya yi a jigawa ba lalle ya yi a laka ba. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya taɓa faɗin ra'ayinsa a kan barbarar dabino, mutane suka bari, dabinon bai yi kyau ba a shekarar. Da aka gaya masa, sai ya mayar da sanin wannan sana'a ga masu ita. Idan fiyayyen halitta ya yi haka, ina ga ni da kai?

Ɗaya gefen kuma shi ne mai sani ya ɓoye. Ya samu iri mai jure zafi, a tambaye shi ya ce ya manta sunansa, ko ya faɗi wani daban. Arzikinka ba ya raguwa don na ɗan'uwanka ya yi kyau. Idan kuwa kai mai sayar da iri ne ko magani, ka bayyana haka kafin ka ba da shawara, don mai tambaya ya san da ɗan kasuwa yake magana.

Sabon shiga kuma, ko ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ko yaro ne da ya gama makaranta bai sami aiki ba, kada a mai da shi abin dariya don ya dasa albasa da zurfi ko ya cika taki. Ka ja shi gefe ka nuna masa da hannunka. Gyara a gaban taro, rabinsa tozarci ne. Shi kuma ya yi sallama, ya tambaya da ladabi, ya mayar da abin da ya ara a kan lokaci.

LADABI NA BAKWAI: RANAR ƊIBA

Manzon Allah ya taɓa sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi wa mai shi faɗa, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Kwandon da aka jera manya a sama, ruɓaɓɓu da ƙanana a ƙasa, hukuncinsa ke nan. Kuma illarsa ba ta tsaya kanka ba: dillali ya gane, sai ya karya farashin fadamar gaba ɗaya. Kada kuma ka je ka zuga mai saye ya fasa cinikin da ya ƙulla da maƙwabcinka don ya dawo gare ka.

A mazhabar Malik babu zakka a kan kayan lambu irin su tumatir da albasa da alayyafo. Abu Hanifa yana ganin akwai. Ko ka bi wanne, kada ka manta da masu lambun da Allah Ya ba da labarinsu a Suratul Ƙalam, waɗanda suka yi sammakon ɗiba don kada miskini ya gan su, suka tarar babu kome. Ɗan ƙwadagon da ya yini yana tsinka maka, ka biya shi ran nan. Tsohuwar da ta zo da ƙwarya, kada ta koma da ita wayam.

KAMMALAWA

Ya kai ɗan'uwa, kafin ka ajiye wannan littafi ka tambayi kanka: akwai wanda na taɓa tare wa ruwa? Akwai kunyar da na shafta? Akwai wanda feshina ya ƙona wa shuka na yi shiru? Idan akwai, to ka je ka same shi tun kuna raye ku biyu, ka faɗa masa, ka biya ko ka nemi yafewa. Biyan yau da kuɗi ne ko da kwando; biyan gobe da lada ne.

Allah Ya sa albarka a ruwanmu da ƙasarmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin maƙwabci, Ya ciyar da mu halal. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya gafarta mana baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.