Yadda manhaja ke sake gano sabar Redis idan adireshi ya canza

Redis Cluster, wanda ya zo da Redis 3.0 a 2015, yana raba bayanai zuwa gurabe 16,384, kowace sabar da ke cikin gungun tana riƙe da kasonta. Manhajar da ke karatu da rubutu a rumbun kuwa takan ajiye taswirar wa ke riƙe da wane gurbi, da adireshinsa na IP. Sai a sake kunna wata sabar, musamman a Kubernetes, ta dawo da sabon adireshi.

Su sabobin ba sa ruɗewa. Kowace tana da lambar shaida mai haruffa 40 da ba ta canzawa, kuma kullum suna sanar da juna labari ta wata ƙofa ta daban, 16379 idan babbar ƙofar 6379 ce. Manhaja ce ake bari a baya.

Da farko dai dole ta yarda haɗin ya mutu. Shi ya sa ake yanka mata ɗan gajeren wa'adin jira. Daga nan ta nufi duk sabar da ke amsawa, kamar mai tambayar maƙwabci inda mutanen gida suka koma, ta aika CLUSTER SLOTS, ko CLUSTER SHARDS tun daga Redis 7.0. Da sabuwar taswira ta zo, ta rufe tsohon haɗi ta buɗe sabo. In wata sabar ta amsa da MOVED, gurbin ya koma wani hannu ke nan, gara ta sabunta taswirar gaba ɗaya. ASK kuwa na wucin gadi ne, kada ta taɓa taswira.

Inda na fi jin tsoro shi ne ranar da duk adiresoshin suka canza lokaci guda, taswirar ta zama babu mai amsawa a cikinta. A nan sunan DNS da aka ba ta tun farko ne mafita, muddin ta sake tambayarsa. Java takan riƙe tsohuwar amsar DNS na wani lokaci, don haka a duba networkaddress.cache.ttl. Masu amfani da Lettuce wajen haɗa manhajar Java da Redis su tabbata sun kunna sabunta taswira.

Tsakanin yunƙurin sake haɗawa da na gaba a riƙa ninka jira, a ɗan saɓa lokacin, don kada manhajoji su afka wa sabar da ta farfaɗo yanzu. Umarni irin INCR da haɗi ya yanke a tsakiyarsa kuma, kada a maimaita shi ido rufe, domin wataƙila ya riga ya shiga.